Haƙurin da Ma'azu Ya Bayar da Turanci

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da Turanci a Lolo, ban taɓa ganin mai taurin kai irin kawuna Ma'azu ba. Shi da ƙanensa Hassan, wanda ke sana'ar kifi a tsallaken iyaka cikin Benin, sun shekara shida ba sa ga-maciji. Kawu ne ya ari kwalekwalen Hassan ba izini, ya farfasa shi, ya kuma hau Hassan da faɗa. Yanzu ga bikin 'yar Kawu, Nana Aisha, saura mako biyu, yarinya ta ce ba za ta tare ba sai Baffa Hassan ya sa mata albarka.

Kawu ya zo gidana yana ta kame-kame. Na ce ya kira Hassan a waya mana. Ya harare ni, ya ce ina na taɓa jin yaya ya ba ƙane haƙuri da bakinsa? Amma ya lura 'yan boko suna rubuta "I am sorry" ko kunya babu, ko biro suka taka. Ita yake so in rubuta, da Turanci, don kalmar ba ta da nauyi.

Dariya ta kusa kashe ni, amma na rubuta, ya dangwala hannu, muka aika wa Hassan.

Abin da Kawu ya manta, can Faransanci ake karatu. Hassan ya yi ta yawo da takarda, sai a tashar mota ya samu wani direba ɗan Kaoje mai jin Turanci. Shi kuwa ya hau benci, ya fassara da ƙarfi gaban masu kifi da 'yan acaba: yayanka ya ce shi ne da laifi, ka yafe masa. Kafin la'asar labari ya ƙetaro iyaka, har kasuwar Lolo.

Kawu ya kwana biyu bai leƙa waje ba. Na tausaya masa, amma kaɗan.

Ranar ɗaurin aure sai ga Hassan da rago da kwandon busasshen kifi. Ya durƙusa gaban yayansa, ya zaro takardar, har ya sa an lulluɓe ta da leda.

"Yaya, sau ukku ni sa anka karanta mani."

Kawu ya ɗago shi, idonsa ya cika da hawaye.

"Tashi. Tunda duniya ta jiya, kai ma ji da bakina. Ka yi haƙuri, Hassan."

Daga cikin gida muka ji guɗa ta tashi.