Tsakuwar da Chundung ta Wanke

Chundung ta sake zura kwando cikin tankin ta ɗago, ruwa na tsiyaya ta ƙasansa. Tarwaɗar da ke ciki ba ta motsa ba. Ta juye ta a bahon roba a kan 'yan'uwanta, ta tsaya tana kallon fararen cikkunan da suka rufe saman ruwan. Tun da gari ya waye take kwasa, ba ta ga ƙarshensu ba. A gefen da bututu ke zubo ruwa, wata farar kumfa ta taru tana juyawa a hankali.

Wayarta ta yi ƙara a kan taga. Ta goge hannu da zani ta ɗauka. 'Yarta ce Yael, wadda ta kwana a asibiti wajen mahaifinta.

"Mama, likita ya zagayo. Ya ce yau ɗin dai za su sallame shi, zuwa yamma."

"To, mun gode wa Allah."

"Me ya sami muryarki?"

"Sanyi ne. Ya ci wani abu?"

"Ya sha kunu kaɗan. Ki zo masa da rigar sanyinsa da hula."

Ta ajiye wayar, ta kashe ɗan injin da ke tura ruwan. Tsakar gidan ta yi tsit.

Tankin na mijinta ne, Mwadkon. Shekarun baya, da aka ƙone ƙauyensu, sun gudo Bukuru da abin da ke jikinsu, suka kama ɗaki biyu a wani gida mai tsakar siminti. Mutumin da ya saba noma acca da dankali har ya ba maƙwabta, sai ga shi ba shi da ƙasar da zai soka ko tsinke. Ya fi shekara yana zaune a kan benci, in an gaishe shi ya amsa, in ba a gaishe shi ba ya yi shiru. Wata rana aka kawo wani malamin gona coci, ya nuna musu yadda ake kiwon kifi da noman ganye a ruwa ɗaya, ba tare da ƙasa ba. Mwadkon ya dawo gida yana magana tun daga bakin ƙofa.

Da kaɗan-kaɗan ya haɗa abinsa: baƙin tankin roba na kifi, shuɗin durom cike da tsakuwa, bututai da aka huda aka jera a jikin katanga, da faifan sola a kan kwano. Ruwa ya fita daga wajen kifi, ya ratsa durom, ya bi ta gindin latas da alayyafo da seleri, ya komo. Ganye ya yi kore shar a gidan da ko ciyawa ba ta fitowa. Matan kasuwa suka fara zuwa sari. Mwadkon ya dawo da dariyarsa, har da tsokana. A bakin wannan tankin ya faɗi wata safiya, da kofin abincin kifi a hannu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Duk zaman da ya yi a asibiti, Chundung ba ta taɓa fashin ba kifin abinci ba. Jiya da Yael ta ce ana maganar sallama, ta share gida, ta wanke labule, ta shanya katifa. Daga nan ta buɗe murfin durom ɗin. Wari ya buge ta. Tsakuwar duk ta lulluɓe da wani yauƙi mai launin ƙasa. Kunya ta kama ta: mutum ya dawo daga jinya ya tarar an bar masa kaya cikin wannan ƙazanta. Aka yi sa'a famfo ya kawo ruwa a ranar. Ta juye tsakuwar a kan buhu, ta dirje ta da sabulun gari, ta jiƙa ta da bilic, ruwan maganin da ake farar da tufafi da shi, ta ɗauraye, ta mayar, ta cika tankin da ruwan famfo. Bayanta ya yi ta ciwo, amma ta kwanta da farin ciki.

Yanzu ta yafa gyale ta nufi kasuwa. An yi yayyafi da asuba, hanya duk caɓi, 'yan bas suna ta kiran fasinjan Jos. Ta ratsa masu kabeji da karas ta isa shagon Lasisi, mai sayar da abincin kifi da na kaji. Shi ya sayar wa Mwadkon 'ya'yan kifin, shi ya taya shi haɗa bututai. Haifaffen Bukuru ne, ko da yake iyayensa daga ƙasar Yarbawa suka zo.

"Mama, sannu da zuwa. Yaya jikin oga?"

"Da sauƙi. Yau zai dawo." Ta matso kusa don kada masu saye su ji. "Lasisi, kifin suna mutuwa."

Ya ajiye mudun da ke hannunsa. "Guda nawa?"

"Ka zo ka gani."

Ya bar wa maƙwabcinsa shago, ya goya ta a babur. Da suka shiga gidan ya tsaya a kan bahon ya duba matattun kifin. Ya ɗebi ruwan tankin a tafin hannu ya shinshina. Ya buɗe durom, ya ga tsakuwa tana sheƙi, ya mayar da murfin a hankali.

"Wa ya wanke wannan?"

"Ni ce. Ya yi datti."

Lasisi ya zauna a kan bencin Mwadkon, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Mama, sabulun da bilic ɗin da suka maƙale a tsakuwa, su suka bi ruwa suka kashe kifin. Ruwan famfo ma akwai magani a ciki, shi ya sa oga yake ɗibar na rijiya. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Wannan dattin da kika wanke, shi ne yake aikin. Akwai wasu ƙananan halittu a jikin tsakuwar, ido ba ya ganinsu. Su suke cin kashin kifi su mayar da shi taki, ganye ya sha takin, ruwa ya koma wa kifi da tsabta. Oga ya daɗe yana jira kafin su kama."

"Bai taɓa faɗa mini ba."

"Ba zai yi tunanin wani zai taɓa ba."

Ta dubi bahon, ta dubi ƙofar ɗaki. "In na je na sayo wasu masu irin wannan girman na zuba kafin yamma fa? Ba zai gane ba. Idonsa ma ba kamar da ba."

"Za su mutu su ma. Ko an zubar da ruwan nan an sa na rijiya, sai an yi makonni kafin durom ɗin ya dawo daidai. Da 'yan ƙanana ake farawa, kaɗan." Ya nuna bututan da haɓa. "Ganyen ma, in babu kifi babu taki. Kwana kaɗan za ki ga ya fara yin ruwan ɗorawa."

Chundung ta zauna a kan bokiti. Ba ta yi kuka ba. Tana ta murza bakin gyalenta, hannayenta duk sun tsage saboda bilic ɗin jiya.

Lasisi ya naɗe hannun riga ya lalubi ƙasan tankin. Ya samo 'yan kaɗan da suke motsi da ƙyar, ya sa su a wani baho, ya ɗebo musu ruwa daga rijiyar maƙwabta. Ya buɗe tankin, ruwan ya malale ta magudana.

"Matattun nan kada a ci, kada a ba kare. Binnewa za a yi."

Ta waiga dama da hagu. Siminti ne daga bango zuwa bango.

"A ina?" in ji ta.

Ya nemo buhu ya juye su ciki, ya ɗaure a bayan babur. Kafin ya tafi ya ce, "Ki rufe tankin da wani abu. Ki bari ya huta tukuna kafin ya sani."

Ta rufe shi da tsohon tamfol, ta danne da duwatsu, ta ɗauki rigar sanyi da hula ta fita.

A cikin bas an matse ta tsakanin wata mai kwandon tumatir da wani ɗan makaranta. Suka wuce tsofaffin kududdufan haƙar kuza da ruwan sama ya fara cikawa. Tana ta shirya maganar a zuciyarta. Ta ce wuta ce ta lalace? Ai sola ne. Ta ce cuta ce ta shiga? Zai buɗe durom ya gani. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa ɓoye masa abu ba, ko a ranar da suka kwana a daji suna jin ƙarar bindiga. Kafin bas ya isa tasha ta yanke shawara za ta faɗa masa da bakinta, in ya so ya yi fushi. Fushinsa ya fi mata wancan shirun na kan benci.

Ta tarar da shi a zaune a bakin gado, an sa masa kayan gida. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, hannun dama na kwance a cinya kamar ba nasa ba. Ya dube ta ya yi murmushi da rabin fuska.

"Ngo," ya ce, wato uwa a yarensu, kamar yadda ya saba kiranta.

Ta sa masa hular ta gyara. Wata nas ta zo da ledar magunguna ta yi musu bayani, ta ƙara da cewa, "Mama, a kiyaye duk abin da zai tayar masa da hankali. Jininsa bai gama zama ba."

Chundung ta ja Yael zuwa baranda ta faɗa mata. Yael ta jingina da bango ta rufe ido. Makonni ke nan tana koyarwa da safe, tana kwana a kan tabarma a ƙasan gadon asibiti.

"Mama, me ya kai ki?"

"Na so ya tarar da shi fes."

"Da kifin nan nake lallashinsa. Kullum sai na ce masa, Baba, ka yi ƙoƙari ka tashi, kifinka suna jiranka."

"Me yake cewa?"

"Ba ya cewa komai. Kallona kawai yake yi." Ta share ido da bayan hannu. "Mu tafi, kada hadari ya tare mu."

Suka ɗauki tasi. Mwadkon ya manna goshi da gilashi yana kallon hanya. Da suka isa, direban ya taimaka suka riƙo shi, ɗaya a kowane gefe, yana jan ƙafa har tsakar gida. Yael ta so ta wuce da shi ɗaki kai tsaye, amma ya tirje, numfashinsa ya yi sama. Suka zaunar da shi a kan benci, daidai gaban tankin.

Iska ta riga ta yaye tamfol ɗin gefe guda. Tankin a buɗe yake, babu ruwa, sai ɗan laka a ƙasa. Bahon da Lasisi ya sa masu sauran rai na nan a gindin katanga, ɗaya daga cikin kifin ya juya ciki sama.

Mwadkon ya daɗe yana kallo. Ya dubi tankin, ya dubi shuɗin durom, ya bi bututan da ido har ƙarshen katanga. Chundung ta durƙusa a gabansa ta dafa gwiwarsa.

"Baban Yael, na yi maka ɓarna. Ni na yi, ba kowa ba."

Ya sauke ido a kanta. Leɓɓansa suka yi ta motsi kafin magana ta fito.

"Gidan... wa ne nan?"

Yael ta matso. "Gidanmu ne, Baba. Bukuru."

Ya girgiza kai a hankali, kamar wanda ake yi wa wasa. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna latas da alayyafon da ke jere a jikin katanga.

"Masu gidan nan... sun iya shuka." Ya huta. "Ku gaishe su, mu wuce. Ga hadari. Ba mu... ba mu watsa acca ba."

Yael ta toshe baki da hannu ta shige ɗaki. Chundung tana nan a durƙushe, maganar da ta yini tana shiryawa tana bakinta, ba ta da wanda za ta faɗa wa. Ya dafa kafaɗarta yana ƙoƙarin miƙewa.

"Tashi, Ngo. Hanya da nisa."

Yayyafi ya fara sauka a kan kwano.

"Bari ruwan ya wuce tukuna," ta ce. "Ka ci abinci, sai mu tafi."

Ya yarda. Ta jawo bencin da shi zuwa ƙarƙashin rumfa, ta rufa masa rigar sanyi a kafaɗa. Sannan ta shiga kicin ta ɗauko wuƙa da tire, ta tsaya a gaban bututan cikin yayyafi. Ba ta tsinki ganye ɗai-ɗai ba yadda ake yi don ya sake tohowa. Ta kama alayyafon ta fara yanka shi daga gindi.