Haƙurin Riasat a Bakin Dilawar

"Fasa ta, Goga!" in ji Chaudhry Dilawar, attajirin manomi, daga bakin ƙofar shago.

Goga, ƙaton ɗan kokawar da Chaudhry yake ciyarwa da madara da man shanu saboda irin wannan rana, ya ɗaga sandar wasan kurket sama. Ustad Nazakat, mai shagon, ya daka tsalle ya rungume tsohuwar kwamfutarsa.

"Chaudhry Sahib, ga kaina, a fasa! Amma Begum ba ta yi maka komai ba."

Begum ita ce kwamfutar. Manhajar tace bidiyon da ke cikinta ta girmi wasu angwayen da Nazakat ke ɗaukar bikinsu a garin Gujranwala. Faifan da aka saka ta da shi ya ɓata, wanda ya saka ɗin kuma ya riga mu gidan gaskiya. Ranar da Begum ta mutu, sana'ar Nazakat za ta bi ta kabari.

"Ba ta yi min komai ba?" Dilawar ya shigo, gashin bakinsa na rawa. "Jiya a tashar talabijin ta unguwa duk gari ya gan ni, ni Dilawar Cheema, na buɗe baki na ce wa Riasat, 'Ɗan'uwa, na yi kuskure, ka yafe min.' Ni! Uwar da ta haife ni ma ban taɓa ba ta haƙuri ba."

Dilawar da Riasat 'ya'yan wa da ƙani ne. Sun gaji gona kusa da gona, sun gaji murya iri ɗaya, mai kauri, ta masu zuƙar tukunyar taba, sun kuma yi shekara da shekaru suna gaba a kan wata ɓauna da ta cinye rake, wadda ita tuni ta mutu ta huta. Makon jiya Shah Sahib, dattijon malamin da kowa ke sumbatar hannunsa, ya zaunar da su ya yi sulhu, kuma Riasat ne ya ba da haƙuri. Daɗin ya yi wa Dilawar yawa. Ya sa aka ɗauki taron da sabuwar wayarsa ta Dubai, ya aiko wa Nazakat ya tace, a nuna wa duniya.

"Laifin wayar ne, Chaudhry Sahib," in ji Nazakat, bai saki kwamfutar ba. "Fayil ɗin da take haifarwa Begum ba ta san danginsa ba. Ta ƙi buɗe shi sam. Sai da na juya shi zuwa irin namu na dā sannan ta yarda ta kalle shi."

"Kai, Nazakat, wayata kake zagi? Ka san daga inda ta zo?"

"Wane ni! Sai dai ba ta da tafiyar dattako. Cikin haske ta zuba hotuna da gudu, cikin inuwa ta ja ƙafa. Begum kuwa taki ɗaya ta sani. Sai hoto ya yi gaba, murya ta riƙa ɗingishi a baya. Da farko ba a ganewa, amma kafin a kai ƙarshe, maganar wannan ta faɗa bakin wancan."

"Ba ka kalla ba kafin ka aika?"

"Na kalli farkon. Lafiya lau yake."

"Farkon ai shinkafa ake saukewa daga mota, Ustad," in ji Goga.

"Yi min shiru, ɗan kokawa," in ji Nazakat. "Ka ba ni zuwa la'asar, Chaudhry Sahib. Idan haƙuri bai koma gidan ubansa ba, da hannuna zan miƙa wa Goga ita."

Dilawar ya ja kujera ya zauna. Goga ya sauke sandar a kafaɗa, ransa a ɓace, kamar wanda aka ɗauke wa kwano yana tsakiyar ci.

Nazakat ya kunna Begum. Ta yi tari, ta yi nishi, ta buɗe ido. Ya raba murya da hoto, ya yanka muryar gunduwa-gunduwa, ya riƙa jan kowace yana ɗora ta a kan leɓen mai ita. Gumi na ɗiga daga hancinsa. Da ya iso wurin, ya ce bismillah ya danna.

Ga Riasat a tsaye, hannu a ƙirji, kai a sunkuye. "Ɗan'uwa, na yi kuskure, ka yafe min."

"Yauwa!" Dilawar ya bugi cinya. "Maimaita. Sake maimaitawa. Dubi yadda leɓensa ke karkarwa, Goga!"

A karo na uku Nazakat ya yi jinkirin tsayarwa, hoton ya wuce. Kyamara ta juyo kan Dilawar, ya karkata wajen Goga yana satar kallon Shah Sahib, yatsu biyu a gefen baki. Wayar Dubai ba ta da tafiyar dattako, amma kunne gare ta kamar na maƙwabciya. Raɗar ta fito tar.

"Wannan tsohon in ya fara addu'a sai abinci ya huce. Gemu kamar na bunsuru, warin ma haka."

Goga ya duƙufa nazarin sandarsa.

"Wannan," in ji Dilawar, "ya fita a tashar jiya?"

"Ya fita, Chaudhry ji," in ji Goga. "Kai dai ka jefi talabijin da takalmi kafin a kai nan."

"A bakin wa?"

Nazakat ya share gumi. "Da yake murya na baya, a bakin Chaudhry Riasat ya sauka. Daidai lokacin da yake sumbatar hannun Shah Sahib."

Gashin bakin Dilawar ya daina rawa. A hankali gefensa biyu suka miƙe sama.

"Ustad ji," ya ce, muryarsa ta koma zuma, "ashe Begum mace ce mai hankali. Haƙuri ya zauna inda ka kai shi. Bunsurun kuma ka mayar da shi inda yake jiya."

"Duka biyu a bakin Riasat?"

"Bakinsa da faɗi, za su shiga."

"Chaudhry Sahib, Begum ba ta ƙarya."

Goga ya gyara riƙon sanda.

"Amma tsufa ya kama ta," in ji Nazakat da sauri, "takan yi mantuwa."

Ya kama guntun muryar ya ja shi gaba, ya kwantar a kan Riasat. A kan leɓen Dilawar kuwa ya liƙa wani "amin" da ya tsinto daga addu'ar, har da tsawonsa. Dilawar ya kalli kansa yana raɗa wa Goga amin cikin tsoron Allah, idonsa ya ciko da hawaye.

"Haka nake, wallahi," ya ce. "Mutane ne ba su sani ba."

Ya aika a kawo lassi, kindirmon sha mai sanyi. Begum ta fara haɗa sabon bidiyon, jikinta ya yi zafi kamar tanda, sai ga Goga ya jingine sanda ya ɗauki jarida yana mata fifita. Nazakat ya shafa ta, ya sauke ajiyar zuciya.

Inuwa ta rufe ƙofa. Wani dogon mutum ne da ba su taɓa gani ba, cikin fararen kaya, da koren mayafi a kafaɗa. A bayansa mota ce cike da majiya ƙarfi, babu mai murmushi a cikinsu. Ya cire takalmi cikin ladabi, ya yi sallama da murya mai taushi.

"Wane ne Ustad Nazakat? Daga gidan Shah Sahib nake. Ya ce a gaishe ka. Ya kuma ce bunsurun yana son ganin ɗanyen hoton, wanda hannu bai taɓa ba, don ya san bakin da zai yi wa addu'a."