Goɗiyar Tsonko a Gonar Tattasai

Burodi ne ya kusa kashe Sivka, goɗiyar Tsonko. Ranar idin Waliyyi Todor ita ta lashe tseren dawakin ƙauyen, kuma kamar kowace shekara mata suka fito da burodin da suka gasa don dokin da ya zo na ɗaya. Tsonko kuwa kai ya kumbura, bakinsa ya manta da a'a. Duk wadda ta miƙo, sai ya ce a ba ta. Da suka koma gida ya ƙara mata da sha'ir cike da bokiti.

Ba a jima ba sai ga Sivka tsaye ta miƙe ƙafafun gaba, ta mayar da nauyinta baya, kofatanta zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Likitar dabbobi ta taɓa, ta galla masa harara.

"Baba Tsonko, wannan so ne ko mugunta? Naman cikin kofaton ya kumbura. A riƙa tsayar da ita cikin ruwan sanyi, a ba ta busasshiyar ciyawa, hatsi ko ƙwaya ɗaya ban yarda ba. In kaka ta zo ba ta taka sosai ba, sai dai motar mahauta."

Mahauta! Daga ranar Tsonko ya tare a rafi. Sivka ba ta yarda ta tsaya a ruwan ita kaɗai, dole ya naɗe wando ya shiga, haƙora na kaɗawa. Masu wucewa su ce, "Kai da ita wa ke jinyar wani?" Maƙeri yakan zo ya fere kofaton kaɗan, sabo na tsirowa daga sama a hankali. Amma har kaka ta gabato, ganye ya fara ja, tafiyarta ta mai taka ƙaya ce. Tsoro ya hana Tsonko cin abinci.

Wata safiya ya leƙa turke, babu Sivka. Ya fito a guje yana kiranta. Sai ga ihun maƙwabciyarsa Gergana.

"Tsonko! Zo ka ga aikin 'yar banzar dabbarka! Tattasaina duk ta tattake!"

"Ta ina ta shiga?"

"Ta saman shinge mana, tsohon kawai!"

"Tsalle ta yi?"

"A guje ta zo ta tsallake, da idona na gani!"

"A kan ƙafafun gaba ta dira?"

"A kan uwarka ta dira!"

Tsonko ya sungumi Gergana ya juya da ita sau biyu, ya dire ta, ya kama rawa cikin kunyoyin gonar, silifas ɗaya ya tashi sama.

"Sake faɗa, Gergana, don Allah sake faɗa!"

Ta rufe shi da duka da tsintsiya, shi ko ban da dariya ba abin da yake yi. Can sai ga Sivka ta taso daga ƙarshen gonar a sukwane, ƙasa na tashi, jan tattasai na warwatsuwa. Tsonko ya zauna daɓas cikin laka.

"Ƙyale ta ta gama," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Ni zan shuka miki wani."