Hannun Malama Mubaraka

Malama Mubaraka ta koyar a lakwal, makarantar bokon Illela, har ƙodarta ta daina aiki, a shekarar 2004. Daga nan ta koma Yamai da zama, gidan ƙanwarta Zalika, don can kaɗai ake wankin ƙoda. Sabi'u, mijin Malama, mai jigilar albasa daga Malbaza, yakan biyo in kaya ya kai shi.

Tun farko a wuya aka sa mata robar da jini ke bi zuwa inji, daga baya aka koma hannun hagu. Ana cikin haka hannun ya fara kumbura, har rigunanta suka ƙi shiga. Da safe fuskarta kan yi suntum, in ta yi sujada sai ta ji kanta kamar zai fashe. Likita ya ce babbar jijiyar ƙirjinta ce ta toshe, tabon robar nan ta wuya ne, jini na shiga hannu ba ya samun hanyar komawa zuciya. A ƙasar nan ba a gyara wannan.

Da yake ma'aikaciyar gwamnati ce, bayan dogon jira aka kai ta Maroko. Can suka zura siririyar waya ta cinyarta har ƙirji, suka hura ɗan balan-balan a wurin da ya matse, suka bar wata ragar ƙarfe ta tokare jijiyar. Idonta biyu aka yi komai. Kafin ta baro ƙasar hannun ya saɓe, ta dawo tana dama fura da kanta, har tana zancen neman aji a Yamai.

Damina ba ta fita ba kumburin ya dawo. Likita ya duba, sannan ya gaya mata jijiyar ta sake tsukewa a bakin ragar, hakan na faruwa da yawa. Hannun dama ma ba shi da jijiya mai kyau da za a yi wankin ta nan. Sai cinya, ita kuma robar cinya ba ta daɗewa take kawo zazzaɓi. Sabi'u ya yi ta zarya a buro, ofishin gwamnati, don a sake kai ta Maroko, ana ce masa akwai mutane da yawa gabanta da ba a taɓa kaiwa ba.

Zazzaɓi na biyu da ya kayar da ita, ta ce a maida ta Illela. Zalika ta durƙusa gabanta.

"Yaya, can babu inji. Kin san abin da kike cewa?"

"Na sani, Zalika. Nan ma ba inda ya rage da za su huda."

Sabi'u ya shimfiɗa mata katifa a bayan motar. Sun tsaya Ƙonni ta sha ruwa kaɗan, suka miƙe arewa. Tsoffin ɗalibanta suka yi ta zuwa gaisuwa, tana gane wasu, wasu sai an faɗa mata. Ba ta kai girbin gero ba.