Wanda Zai Juya Fotu

Fotu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun da muryarsa ta fara kauri ban sake kwana da shi a ƙarƙashin rufi ɗaya ba, sai da tsufa ya zo mana. Mahaifinmu ya gina masa bukka a bayan gida, gindin mangwaro, kamar yadda ake yi wa kowane yaro mai 'yar'uwa a tsibirinmu. Ba ya shiga ɗakina, ba na shiga nasa. Ko daga teku ya fito, ba ya tsayawa gabana ba riga. Idan maza suna zancen banza suka hango ni, shi ne farkon wanda zai tashi. A nan Ha'apai wannan shi ne girmamawa, kuma wai mace ce a sama: kifinsa mafi girma nawa ne, doyarsa ta farko tawa ce, ranar auren 'ya'yansa kuma ni zan hau kujerar gwaggo a jibge mini tabarmi. Na yi shekaru ina koyar da wannan a makarantar 'yanmata a babban birninmu Nuku'alofa, har a jarrabawa yana fitowa. Babu littafin da ya ce me za a yi idan namijin ya kasa goge wa kansa jiki.

Bayan guguwar da ta yaye rufin coci, Fotu ya hau gyara, da furfurarsa da komai. Kwano ya zame da shi. Aka kai shi babban asibiti a jirgin ruwa, ya daɗe can, ya dawo yana iya ɗaga hannuwa amma yatsu ba sa kama komai, daga ƙirji zuwa ƙasa kuwa kamar ba nasa ba. Abin da likita ta nanata ɗaya ne: a riƙa juya shi, dare da rana, a duba fatarsa, in ba haka ba kwanciya za ta huda shi. Gidansa guguwa ta tafi da shi, don haka aka share tsohuwar bukkarsa ta ƙuruciya aka kwantar da shi, taku kaɗan daga ƙofar kicin ɗina.

Matarsa Losaline ita ta ɗauki aikin. Mace ce mai yawan surutu, ban taɓa jin daɗin zama da ita ba, amma zan faɗi gaskiya: ta juya shi, ta wanke shi, ta kwashe abin da ake kwashewa, har zobenta ya fara zamewa daga yatsa. A coci ana kiran sunanta a matsayin abin koyi. Ba wanda ya taɓa karɓar bokitin daga hannunta. Da 'yarsu Sela ta kusa haihuwa a ƙasar waje, a birnin Auckland, Losaline ta shirya tafiya. Na raka ta bakin jirgi.

"Kwana kaɗan ne, Yaya Kalo. Da ta warware zan dawo."

"Na ga kin saka hoton aurenku a jaka."

"Sela ce ta ce tana son gani."

"Da keken ɗinkin?"

Ta juya tana kallon ruwa. Wanda bai taɓa ɗaga ƙaton namiji shi kaɗai ba sai ya yi ta zaginta. Ni ba ni da bakin.

Mazan danginmu masu ƙarfi duk suna Ostareliya suna tsinkar 'ya'yan itace. Nas ɗin gwamnati sai jirgi ya kawo ta, shi ma sai teku ta yarda. Sai abokan Fotu, mazan da suke shan jiƙon saiwar kava tare tun suna samari, suka tashi a coci suka yi alkawari. Saia, mai unguwarmu, shi ya yi magana, har da hawaye. Ya ce tunda Fotu ba zai iya zuwa wurin kava ba, kava za ta zo wurin Fotu.

Kuma ta zo. Kowace yamma suna shimfiɗa tabarma a bukkar, su ajiye akushin a tsakiya, su dama, su rera waƙoƙin coci da murya huɗu. Suna ba Fotu nasa da tsinken shan lemo. Daga kicin ina jin su.

"Fotu, kai fa ka more. Mu muna gona, kai kana kwance ana yi maka waƙa kamar basarake."

"Zo mu yi musaya, Saia. Ko da yake ƙafafunka ma ban ga aikin da suke yi ba."

Dariya har bakin hanya. Na ji daɗin jin dariyarsa, ba zan ɓoye ba. Amma da safe na tare Saia ya zo ɗaukar akushi.

"Kun juya shi?"

"Mun gyara masa matashi, Malama."

"Ba matashi na tambaya ba. Kun ɗaga zanen kun duba bayansa?"

"Haba Malama. Mutum babba kamar Fotu? Shi da kansa ya ce ba ya jin ciwon komai."

"Ai rashin jin shi ne ciwon."

Ya yi murmushin da tsofaffin ɗalibai suke yi mini, wanda ke nufin tsohuwa ta cika karatu. Wanka suna yi masa, in za a kira shafa jiƙaƙƙen tsumma a fuska da ƙirji wanka. Sauran kuwa kowa yana zaton na jiya ya yi.

Ni abinci nake kaiwa. Ina ajiye faranti a kan taga, in tsaya a waje, in jira wani namiji ya wuce ya ba shi a baki. Ta wannan tagar na fara jin warin. Na san warin fitsari, na san na kashi. Wannan wani ne daban, mai zaƙi-zaƙi, irin na naman da aka manta a kwando. Sai ƙudaje, manyan nan masu kore.

Na je wurin Fasto Lopeti. Ya saurare ni da kyau, hannuwa a haɗe a kan ciki.

"Malama Kalolaine, wannan al'ada shinge ce da kakanninmu suka kafa, kuma Ubangiji ya sa mata albarka. Ita ta tsare gidajenmu daga abin kunya."

"Fasto, shekaruna sun kusa saba'in, shi kuma ba ya jin rabin jikinsa. Wane abin kunya ake tsare mu daga gare shi?"

"Zan yi wa maza magana ranar Lahadi."

"Yau Talata."

"Za mu sa shi a addu'a."

Rufin cocinsa sabo fil, ko ɗigo ba ya yi. Na kalle shi sosai kafin na fita.

Da hantsi na dafa ruwa, na zuba gishiri, na yayyaga tsohon zanen gado mai tsabta, na ɗauki almakashi. Na tsaya a ƙofar bukkar. Rabona da tsallake wannan dokin ƙofa tun ranar da aka gina bukkar, ina budurwa.

"Yaya, abincin a taga ake ajiyewa."

"Ba abinci na kawo ba."

Ya ga kwanon ruwan, ya gane. Fuskarsa ta canza, ta koma irin ta mahaifinmu.

"Koma. Saia zai zo da yamma."

"Saia zai zo ya yi maka waƙa. Fotu, kana ruɓewa. Tun daga kicin nake jin ka."

"To bari in ruɓe. Jikina ne."

"Ba ka jin sa, ni ke jin sa."

Da ya sake magana, a hankali ya yi ta, ba faɗa.

"Ba ni da ƙafa, ba ni da gona, matata ta tafi. Abu ɗaya ya rage da nake yi daidai kamar kowane namiji a garin nan, shi ne ban taɓa kunyata 'yar'uwata ba. Ki bar mini shi. In kika ɗaga zanen nan, Yaya, ba ni da 'yar'uwa."

Na yarda ba barazana yake yi ba. Fotu bai iya barazana ba. Na kuma fahimci abin da yake roƙo, kuma ba shirme ba ne. Na ajiye kwanon a ƙasa, na sa kafaɗa a ƙarƙashin tasa kamar yadda na sha hango Losaline tana yi, na tura. Ya ɗaga hannu zai hana ni, yatsun suka zame a kan wuyan hannuna kamar ganye.

Ramin yana ƙasan bayansa, dunƙulen hannuna zai shiga. Gefensa baƙi, cikinsa akwai masu motsi. Na wanke, na yanke abin da ya mutu, na cusa tsumma mai gishiri. Bai ji komai ba. Fuskarsa tana bango, kafaɗunsa kawai ke rawa. Da na gama na rufe shi, na ce zan dawo in juya shi kafin azahar.

Kafin yamma gari ya sani. Mazan kava ba su zo ba ranar, ba su kuma sake zuwa ba. Saia ya ce ba za su iya zama a ɗakin da aka yi abin da aka yi ba. Mata suna gaishe ni a coci da ka kawai. Da jirgi ya kawo nas ɗin, ta duba ramin ta ce da an ƙara jinkiri da ya shiga jini. Ta faɗa da ƙarfi don na waje su ji. Sun ji, ba abin da ya sauya.

Ramin ya daɗe kafin ya cike, amma ya cike. Na dawo da tabarmata bukkar, domin mai juya mutum ba ya kwana nesa. Fotu ya yi ƙiba kaɗan, yana sauraron wasan rugbi a rediyo. Ya ɗauki watanni bai ce mini uffan ba. Ranar da ya buɗe baki, cewa ya yi, "Nas, ruwa." Haka yake kirana har yau. Nas, rediyo. Nas, ƙuda. Na gode, Nas. Yana da ladabi ƙwarai, irin ladabin da ake yi wa baƙo.

A bara ƙaramar 'yarsa Mafi ta zo daga Auckland don a ɗaura mata aure a gida. Losaline ma ta zo, ta yi haske, ta tsaya a ƙofar bukka ta yi kuka, ba ta shiga ba. Ana gobe biki Mafi ta same ni ina shanya zannuwa.

"Gwaggo, Baba ya ce..." Ta kasa ƙarasawa.

"Ya ce ba shi da 'yar'uwa," na ƙarasa mata.

"Ya ce a ba Anti Tupou kujerar. Gwaggo, ni ban so ba, na roƙe shi."

Tupou 'yar ƙanen kakanmu ce, rabonta da gaishe shi tun kafin ya faɗo. Na ce wa Mafi kada ta damu, ta tafi ta yi kitsonta.

Ranar bikin duk gari ya tafi filin coci. An gasa aladu, ƙamshin yana zuwa mana da iska. An ce Tupou ta zauna daram a kan tarin tabarmi, an miƙa mata saman kek, ta yi rawa har ta yi gumi. Fotu ya ƙi a ɗauke shi. Ya ce ba ya son a kalle shi. Muka rage mu biyu a gidan, muna jin kiɗa daga nesa. Da inuwar mangwaro ta kai bakin ƙofa na tashi na wanke hannu.

"Lokaci ya yi," na ce.

"To, Nas," ya ce, ya ɗaga hannu don in sami wurin sa kafaɗa.