Takardar da Habsa ta daidaita

Habsa ta ɗora takardar a kan fatar, ta juya ta, ta sake juyawa, ta ƙi shiga. Ta ƙasa ta yi tsawo da yatsa biyu.

Kwana shida ke nan tana wannan aiki a ɓoye. Habsa badukiya ce, tun tana ƴar yarinya take ɗinka alabe da matashin fata a tsohon garin Agadas, kuma idan ta zauna da basilla ko sallama da hanci take amsawa. Amma wannan ba na sayarwa ba ne. Ƴarta Souwaiba ta gama lisansi, wato digirin jami'a, a Yamai, karatun wutar rana, ga kuma wani kamfani a hanyar Dagmanet zai ɗauki mutum biyu sitaj, wato gwajin aiki, na wata shida, wanda ya yi kyau a riƙe shi aiki. Yau ƙarfe goma sha biyu ake rufe karɓar dosiye, takardun neman aikin. Habsa ta ga takardun yarinyar cikin wani kwali ruwan ɗorawa da ya sha zufar hannu, ta ce a ranta ƴarta ba za ta tsaya gaban manya da wannan tsumma ba. Sai ta zaɓi jar fatar akuya, ta yi mata ado da kore, ta ja mata geza, abu kamar littafin sarauta.

Da takardar haihuwa ta yi awo. Takardar lisansin kuwa sai jiya ta iso a mota, bayan shekara guda ana jira, mai kauri, mai tsawo. Ko fotokopi ba a yi mata ba. Souwaiba ta tura ta ƙarƙashin katifa don kada ta lanƙwashe cikin turereniya, ta fita da sassafe karɓo wata shaida a kotu.

Tabawa maƙwabciya ta shigo neman garwashi. Ita Tabawa kullum garwashi take nema, ga gawayi buhu guda a ɗakinta.

"Kai, uwar lisansi! Wannan kyau haka? Ai direkta na gani sai ya tashi ya ba ta kujerarsa."

"Ga shi takardar ta ƙi zama," in ji Habsa. "Ke da Ramatarki ta yi boko, duba mini. Wannan ƙananan rubutu na ƙasa, da amfani?"

Ramata ƴar Tabawa ce, kuma sitaj ɗin nan take nema ita ma. Tabawa ta sha raka ta meri, ofishin magajin gari, ta san tampo, hatimin da ake bugawa, ta san sa hannu, ta san yadda ake koro mutum saboda su. Ta sunkuya, ta daɗe tana kallo.

"Wannan kashin tururuwar? Sunan masu buga takarda ne kawai. Dubi sunan yarinya can sama da manyan baƙaƙe. Shi ake karantawa."

"To wannan shuɗiyar da'irar fa?"

"Rabi zai rage ai. Rabi bai ishe su ba?"

Habsa ta ɗauki askar aikinta. Hannunta bai taɓa karkacewa ba, yau ma bai karkace ba. Ta shafa danƙo, ta manna, ta bi gefe da basilla ɗinki ƙanana ƙanana. Tabawa ta tsince guntun da ya faɗi, wai tana taya ta shara, ta murɗe shi, ta cusa cikin kaskon shayi, ta hura har ya kama.

Goma sha ɗaya ta wuce Souwaiba ta dawo a guje, ta ɗaga katifa, ba kome. Habsa ta miƙa mata abin a naɗe cikin kallabi, tana kallon gefe, don kada a ga murmushinta.

Yarinyar ta buɗe. Ta shafa ƙasan takardar da yatsa, ta sake shafawa.

"Inna, ina sauran?"

"Wane saura? Daidaita ta na yi."

"Lambar, Inna. Sa hannun. Ina guntun da kika yanke?"

Habsa ta dubi kasko. Souwaiba ma ta dubi kasko. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta rungumi abin ta fita ta tare kabu-kabu. Habsa, wadda ba ta hau babur ba tun rasuwar mijinta, ta tare na baya, takalminta ɗaya nata, ɗaya na wanka.

A biro ɗin, wato ofishin kamfanin, matasa sun yi layi har bakin ƙofa, kowa da kwalinsa. Ramata na can gaba, ta riga ta miƙa nata, ta tsaya shan iskar fanka. Habsa ta raɓe a jikin ƙofa. Mai karɓar takardun wani Mushe Chaibou ne, siriri, da alƙalamin bik uku a aljihu. Da layi ya zo kan Souwaiba, ya ɗaga jar fatar da yatsa biyu, gezar tana lilo.

"Madmazel, aiki kika zo nema ko laya kika kawo mana?"

Layin ya fashe da dariya. Ya buɗe, ya duba, ya kira na kusa da shi, shi ma ya kira sekretar. Abin ya zaga tebur uku. Wani ya ɗauka a waya.

"Mushe, don Allah," in ji Souwaiba, "ku kira lakwal ɗin da na yi karatu. Sunana na cikin rajista. Ni na zo ta biyu a ajinmu. Ku ba ni fanon wutar rana da batir yanzu in haɗa muku."

"Bon. Ina lamba? Babu. Ina sa hannun shugaba? Babu. Tampo rabi, kamar an gutsuri masa. Kuma kin sani sau ɗaya ake bayar da ita, a ƙasan ma aka rubuta haka." Ya leƙa ƙasan takardar, ya yi kamar yana nema. "Af, na manta, babu ƙasan."

Aka sake dariya.

"Ki koma Yamai ki nemi wata. In kin yi sa'a, baɗi. Amma gaya mini, wa ya yi miki wannan aika-aika?"

Habsa ta ɗaga ƙafa za ta shiga. Ta riga ta shirya maganar: ni ce, ɗana, jahilci ne, ni za a hukunta.

"Wata badukiya ce a unguwarmu," in ji Souwaiba. Ba ta waiwaya ba.

Habsa ta mayar da ƙafarta inda take.

Chaibou ya sa ƙaramin almakashi ya warware ɗinkin, da ƙyar, don ɗinkin Habsa ba ya warwaruwa da daɗi. Ya ɓamɓaro takardar, bayanta ya tsaya a jikin danƙo. Ya miƙa wa yarinyar abin da ya fito, ya riƙe fatar. Ana haka direkta ya fito zai tafi cin abinci, ya gan ta a kan tebur, ya ɗauka, ya shinshina, ya bi ɗinkin da farce.

"Wa ke irin wannan aiki har yanzu? Chaibou, baƙinmu na zuwa wata mai kamawa. Irin wannan nake so mu sa musu takardun taro a ciki. Talatin." Ya juya wajen Souwaiba. "Kin san gidan matar? Ki ce ta zo gobe ƙarfe takwas. In ta iya, duk shekara ita za ta riƙa yi mana."

Sai a faɗi gaskiya: daga bakin ƙofa, da Habsa ta ga farcen mutumin yana bin ɗinkinta bai sami inda zai kama ba, wani daɗi ya ɗan taso mata. Kafin ta danne shi ya kai fuska. Daidai nan Souwaiba ta juyo.

Chaibou ya dubi agogo, ya rufe rajista. Yarinyar ta ratsa layin, takardar a hannunta shara-shara har ana ganin haske ta cikinta. Ta tsaya gaban uwarta, ta dube ta tun daga kallabi har takalman nan biyu, ta yi magana a hankali, cikin ladabi, yadda ake yi wa baƙuwa.

"Kin ji, baiwar Allah. Gobe ƙarfe takwas. An ɗauke ki aiki."