Ɗakin da Tae-sik Ya Ja wa Wuta

Wutar ta sake ɗaukewa Tae-sik yana durƙushe a ɗakin ƙarƙashin gidansu, filaya a hannu, salatif a baki. Matarsa Mi-ran ta leƙo daga matakala.

"Sannu injiniya. Shinkafata fa tana tukunyar lantarki."

"Yanzu zan mayar."

"Ka mayar, mu kuma mu ci ɗanya."

Ni maƙwabciyarsu ce a layinmu na kan tudu a Seoul. Tagar wannan ɗaki mai ƙarafa, wadda tsayinta bai wuce ƙaurin mai wucewa ba, ƙofata take kallo, don haka kusan komai a kunnena aka yi shi.

Da mahaifin Tae-sik ya rasu a ƙauye, yayyensa suka ce a kai tsohuwarsu Sun-rye gidan tsofaffi. Ita kuwa ta ce gara a ajiye ta a bakin titi. Sama ɗaki biyu ne, ga yara, sai Tae-sik ya kwashe tarkacen ƙasa ya ce nan zai gyara mata. Bai kira mai wayarin ba. Ɗakin ba shi da izinin a kwana a ciki, mai lasisi ba zai taɓa shi ba, rabin layinmu kuma a irinsa suke kwana. Ya kalli bidiyo a wayarsa, ya shimfiɗa siririyar ledar lantarki mai ɗumama daɓe, ya rufe ta da ledar ɗaki. Amma bangon yana tsattsafo ruwa, ko yaushe ya kunna sai makatsin wuta, abin nan mai yanke ta in da haɗari, ya faɗi. Ranar nan ya gaji. Ya ɗauki guntun waya ya tsallake makatsin, wuta ta zauna.

* * *

Tsohuwa ta ji daɗin ɗakin. Da hantsi takan buɗe taga, in kawo kujerata, ta yi ta ba ni labarin ƙauye ta tsakanin ƙarafa. Abu ɗaya ke cin ranta: tana ci ba ta aiki, wai irin wannan uwa ita ake fara gajiya da ita.

Da sanyi ya kankama sai ta dafa waken suya, ta zuba a kwando da karan shinkafa, ta ajiye a kusurwar da ta fi zafi, ta jibga masa barguna, ta ɗora katifarta a kai. Haka ake ruɓar da daddawa a garinsu, a kan daɓen dutse da hayaƙin murhu ke bi ta ƙarƙashinsa. Mi-ran ta toshe hanci ta ce, "Umma, za ki kore mu daga unguwa."

"Mijinki da wannan warin ya girma. Ki jira miyar."

Dutse yakan shanye zafi. Leda da waya ba su da inda za su kai shi. Tsohuwa ba ta sani ba, bidiyon ma bai faɗa wa ɗanta ba.

* * *

Da tsakar rana na ga hayaƙi yana fitowa ta tagar, baƙi, mai ƙaurin roba. Ni da maƙwabta muka ja ƙarafan, ko motsi ba su yi ba. Mi-ran ce ta rufe fuska da jiƙaƙƙen tawul ta sauka, ta jawo surukarta a ƙasa, tsohuwar tana tari, tafin hannunta ya sale wurin ɗaga barguna.

Bayan 'yan kwana-kwana sun gama, ma'aikacin gunduma ya fito riƙe da guntun wayar nan, ya tambayi wanda ya yi aikin. Tae-sik ya dawo ke nan daga aikinsa na kai saƙo a babur, hular kwano a kansa.

"Ni ce," in ji tsohuwar daga cikin motar asibiti. "Yaron nan ba ruwansa."

Ma'aikacin bai ko dube ta ba. Aka garƙame ɗakin. Yayyen suka zo, ba wanda ya yi gardama a wannan karon.

* * *

Na je duba ta a gidan tsofaffi da lemo a leda. Ma'aikaciyar ta ce kullum da safe a ƙasa suke tsintar ta, ta sauko daga gado ta kwanta a daɓe, shi ya sa suka ɗaga mata ƙarafan gefe.

"Maƙwabciya," ta ce, "yaushe Tae-sik zai gama gyaran ɗakin?"

Na ci gaba da ɓare lemon. Hannunta mai bandeji yana rataye ta tsakanin ƙarafan gadon, yana laluben ƙasa, bai kai ba.